Ƙararrawar zafi a kan Arduino: yaushe za ta yi kuka, yaushe za ta yi shiru?

A tsakiyar watan Afirilu, bayan azahar, wani ɗan yayata da ke karatun lantarki a nan Birnin Kebbi ya shigo shagona riƙe da kwali, kwalin kuma sai tsuwa yake yi ba ƙaƙƙautawa.

"Kawu, wanga abu ya ƙi yin shiru. Tun safe yake kuka."

A cikin kwalin akwai allon Arduino Uno, wato 'yar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni ta sarrafa kayan lantarki, da sensar zafi mai ƙafa uku, da 'yar buza baƙa mai fitar da ƙara wadda faɗinta bai kai kwabo ba. Burinsa ya haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi a cikin gangar jikin tsohon firiji, ya sa masa ƙararrawar da za ta tashe shi idan zafi ya wuce ƙima. Na duba wayoyin, komai na inda ya kamata. Na ce ya buɗe mini kod ɗin, wato umarnin da ya rubuta wa allon, a kwamfuta. Ga layin nan a fili: idan zafi ya haura digiri 30, a kunna buza. Ma'aunin da ke rataye a bangon shagon, ƙarƙashin rufin kwano, yana nuna 41.

Na'urar ba ta yi laifin komai ba. An ce mata ta yi kuka a 30, ta ga 41, ta yi. Wanda ya rubuta misalin da yaron ya kwafo yana zaune ne a ƙasar da digiri 30 labari ne. Shi kansa Arduino a garin Ivrea na Italiya aka fara shi a 2005, don ɗaliban zane da ƙira waɗanda ba injiniyoyi ba, Uno kuma ya fito a 2010. Yawancin misalan da ke yawo a intanet daga irin waɗannan ɗakuna masu sanyi suka fito. Mu a nan daga Maris zuwa Mayu digiri 40 abincin yau da gobe ne.

Haɗa buza da allo aikin minti goma ne. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne yanke mata lokacin kuka, da kuma samun tabbacin cewa in ta yi shiru lafiya ce ta sa. Amma kafin a kai can, sai an san abin da allon ke gani.

Arduino bai san zafi ba, ƙarfin wuta yake aunawa. Sensar da yaron ya sayo LM35 ce, wadda ke fitar da milibolt 10 a kan kowane digiri ɗaya (milibolt dubu ne bolt ɗaya). A digiri 38 za ta ba da milibolt 380. Allon yana karɓar wannan ta ɗaya daga cikin ƙafafunsa shida na A0 zuwa A5, ya mayar da shi lamba tsakanin 0 da 1023, inda 1023 ke nufin cikakkiyar wutar da shi allon ke ci, wato bolt 5. Kowane mataki ɗaya ya kai kusan milibolt 4.9, kusan rabin digiri ke nan. Ka ga tun daga nan idon nasa ba ya rarrabe 37.5 da 37.8, a harkar ƙwai kuwa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Akwai abin da ya fi wannan damuwa, kuma ba kasafai misalan intanet ke ambatonsa ba. Allon yana gwada wutar sensa ne da wutar da yake ci. A ce ka jona shi da cajar waya mai araha, wadda maimakon bolt 5 take ba da 4.7. Milibolt 380 ɗin nan da ya kamata ya fito a lamba 78 sai ya fito a 83. Kod ɗinka kuma yana nan yana lissafi da bolt 5, sai ya sanar da kai zafi ya kai digiri 40 da rabi, alhali 38 ne. Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Jega ya san wannan lissafin: idan tiya ta ƙanƙance, buhun da ke ba da tiya arba'in sai ya ba da arba'in da uku, gero kuwa ko ƙwaya bai ƙaru ba. Abin dariyar ma, ita kanta buzar idan ta fara kuka tana jan wuta, wutar allon ta ɗan faɗi, karatun zafin ya ɗan tashi, sai ta samu sabon dalilin ci gaba da kuka.

Ana iya gyara wannan ta hanyar umartar allon ya yi amfani da ma'auninsa na ciki na bolt 1.1, wanda ba ruwansa da hawa da saukar caja. Da shi kowane mataki sai ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri. Sai dai 1.1 ɗin nan yakan ɗan bambanta daga wannan allo zuwa wancan, tsakanin 1.0 da 1.2, don haka dole a daidaita shi da wani ma'aunin da aka yarda da shi.

Ni dai a irin wannan aiki na fi son a bar LM35 ɗin gaba ɗaya a koma DS18B20. Ita tana yin awonta a cikin cikinta, ta aiko da lamba tsaf ta waya ɗaya, don haka rawar caja ba ta shafe ta ba. Kuskurenta bai wuce rabin digiri ba tsakanin -10 da 85, tana iya rarrabe zafi har zuwa 0.0625 na digiri, kuma akwai wadda ake sayarwa a cikin 'yar gorar ƙarfe da doguwar waya, ruwa ba ya shigarta. Abin da take buƙata shi ne razista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai 4.7k tsakanin wayar saƙo da wayar bolt 5. A manta da shi, ba za ta ce uffan ba. Tana kuma ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa kafin ta gama awo guda mafi kaifi.

Sai shuɗiyar sensar nan DHT11, wadda ke zuwa a kusan kowane kunshin kayan koyo. Tana auna zafi da laima a tare, shi ya sa ake sonta. Amma kuskurenta yakan kai digiri 2 sama ko ƙasa, kuma iyakarta digiri 50. Don gwaji a aji ba laifi. A kan ƙwai kuwa, sensar da za ta ce 37 alhali 39 ne ba abokiyar tafiya ba ce. Yayarta DHT22 ta fi ta nesa ba kusa ba, rabin digiri ne kuskurenta, sai dai ba a tambayarta fiye da sau ɗaya a daƙiƙa biyu.

Ko wacce aka zaɓa, a gwada ta kafin a ba ta amana. Dabara mafi sauƙi a nan ita ce ma'aunin zazzaɓi da ake sayarwa a kemis. An yi shi ne don ya auna zafin jikin mutum, wajen 35 zuwa 42, kuma nan ne daidai inda ƙwai ke zama. A zuba ruwan ɗumi a kofi, a tsoma shi tare da sensar mai gorar ƙarfe, a motsa, a ga bambancin, a rubuta shi cikin kod.

Ita buza iri biyu ce, kuma a ido kamar tagwaye suke. Akwai mai kukan kanta: da ka ba ta wuta sai ta ɗauki ƙara ɗaya tilo, domin tana da abin kaɗa sauti a cikinta. Akwai kuma wadda sai an kaɗa ta, wato sai allon ya riƙa kunna mata wuta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, da umarnin nan mai suna tone. Gane su ba wuya. Ka taɓa ƙafafunta da batir: in ta ɗauki kuka ta farkon ce, in ta yi "ƙyas" sau ɗaya ta yi shiru ta biyun ce. Sau da yawa nakan ga ɗalibi ya jefar da buza lafiyayya yana cewa ta mutu, alhali irin ta biyun ce ya ba ta wuta tsaye. Ta biyun ta fi daɗin sha'ani ga mai son sauya murya, kuma yawancinsu sun fi ƙara a wajen kaɗawa 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa. A dai tuna cewa a kan Uno umarnin tone yana hana ƙafa ta 3 da ta 11 yin aikinsu na rage gudun fanka ko hasken fitila, don agogo ɗaya suke rabawa. Wanda ya ɗora fankar injinsa a kan ƙafa ta 11 zai ga tana hauka duk lokacin da ƙararrawa ta tashi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne soka buzar kai tsaye a ƙafar allon. Kowace ƙafa ta Uno an so kada a ja wutar da ta wuce miliamfiya 20 daga gare ta, 40 kuwa shi ne bakin rami. Buza mai maganaɗisu takan ja wajen 30. Za ta yi aiki yau, ta yi gobe, wata rana ƙafar ta mutu ba sallama. Maganin bai kai kuɗin ruwan leda da yawa ba: tiransista ɗaya, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, irin BC547 ko 2N2222, da razista 1k daga ƙafar allon zuwa ƙafarta ta umarni, da dayod 1N4148 a gicciye a kan buzar don ya shanye wutar da ke dawowa baya idan an kashe. Allon ya ba da umarni, tiransista ta ɗauki kaya. Wasu buzojin suna zuwa a kan ɗan allonsu da tiransistar a haɗe, masu ƙafa uku. A lura da su, don da yawansu a juye suke aiki: suna kuka idan an ba su LOW, wato ƙafar allon ba wuta, su yi shiru a HIGH, wato da wuta. Yaron da bai sani ba zai kwana yana zargin kod ɗinsa.

Yanzu sai mu zo kan ainihin maganar.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, kuma a injin mai fanka ana riƙe su a wajen digiri 37.5. Sai mai koyo ya ce shi ke nan, in ya haura 38.5 a yi kuka. Ya rubuta layi ɗaya: sama da 38.5 kunna, ƙasa da haka kashe. A kan takarda ba aibu. A cikin akwati kuwa zafi ba ya tsayawa cak. Zai nuna 38.4, ya koma 38.6, ya dawo 38.5, ya sake hawa. Buzar sai ta riƙa tsuwa tana yankewa kamar gyare, ba ta yi kuka ba, ba ta yi shiru ba. Kwana biyu ana haka, ranar ta uku wani a gidan zai zare mata waya, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Maganin shi ne a ba ta iyaka biyu maimakon ɗaya. Ta fara kuka idan zafi ya kai 38.5, amma kada ta daina sai ya sauko 38.0. Tsakanin biyun, ta ci gaba da halin da take ciki: in tana kuka ta ci gaba, in tana shiru ta yi zamanta. Masana na kiran wannan histerisis, ni kuma tazara nake ce masa. Kod ɗin yana buƙatar ya riƙa tuna abu ɗaya kawai, wato yanzu ƙararrawa a kunne take ko a kashe. Haka firiji da dutsen guga ke aiki, shi ya sa ba ka jin suna kunnuwa suna mutuwa kowace daƙiƙa.

Bayan tazara sai haƙuri. Karatu ɗaya ba hujja ba ne. Janareta ya tashi, ko rile, wato makunnin da ke kunna abin ɗumama akwatin, ya buga, sai sensa ta tofo wata lamba ta banza sau ɗaya ta koma daidai. A tara karatu goma a ɗauki matsakaicinsu, ko a ce sai zafin ya zauna sama da iyaka na daƙiƙa talatin a jere kafin a ɗaga murya. Ga ɓangaren sanyi kuwa haƙurin ya fi haka tsawo. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa don juya ƙwai ko ƙara ruwa, zafi zai faɗi na wasu mintoci, kuma wannan ba haɗari ba ne, kaza ma takan tashi daga kan ƙwanta ta je ta ci abinci ta dawo. Saboda haka na ce wa yaron ƙararrawar sanyi ta jira minti goma a ƙasa da 36.5. Ta zafi ce ba ta dogon jira, don zafin da ya wuce 40 yana iya kashe 'yan tayin cikin sa'o'i kaɗan, sanyi kuwa jinkirta su yake fara yi. Da farko ma bai yi niyyar sa ta sanyi ba. Na tuna masa asubahin hunturu a watan Janairu, da daren da ƙwan fitilar da ke ɗumama akwatin zai ƙone.

Duk wannan jira da ƙirge ba ya yiwuwa da umarnin delay, wanda kowa ke fara koyo da shi wajen kunna fitila da kashewa. Shi delay sumar da allon yake yi. In ka ce ya jira minti goma, to minti goman nan bai ga sensa ba, bai ji maɓalli ba. Da millis ake yi, wato agogon da ke ƙirga lokaci tun daga kunna allon. Ka rubuta lokacin da abu ya fara, ka ci gaba da sauran ayyuka, kana leƙawa kana debewa. Agogon yakan cika ya koma sifili bayan kusan kwana 50, amma in debewa kake yi, sabon lokaci a cire tsoho, wannan ba zai dame ka ba.

Da millis a hannu sai a ba kowace matsala muryarta. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, to ta ƙararrawa ma haka ya kamata ta zama. Zafi ya yi yawa, tsuwa gajeru da sauri. Sanyi, doguwa guda a huta. Mutumin da aka tasa ƙarfe uku na dare ya san abin da zai yi tun kafin ya laluba takalminsa. Kukan da ke yankewa ma ya fi shiga kunne a kan dogon da ba ya sauyawa, wanda can sai kunne ya saba da shi. A sa maɓallin da zai sa ta yi shiru na minti biyar yayin da ake gyara, sannan ta dawo da kanta idan matsalar na nan. Kada a sa makunnin kashewa ɗungurungum. Wanda ya kashe da dare ba ya tunawa ya kunna da safe.

Saura abin da ya fi ba ni tsoro a irin waɗannan ayyuka, wato shirun ƙarya. Na zare wayar sensar daga allon yaron bayan mun koma DS18B20, na ce ya duba kwamfuta. Ta nuna -127. Wannan ita ce lambar da manhajar sensar ke bayarwa idan ta kira ba a amsa ba. A kod ɗinsa na farko, mai duba "sama da kaza" kawai, -127 ai ba ta haura komai ba, don haka buza za ta yi tsit har ƙwai su dahu. Ɓera ya ci waya, ko dalma ta saki, ƙararrawa tana nan tana ba ka tabbacin lafiya lau. Haka kuma sensar takan nuna 85 daidai idan wuta ta ɗan yanke mata ba ta kai ga yin awo ba. DHT kuwa takan dawo da abin da ba lamba ba ne sam, kuma duk gwajin girma da ƙanƙanta da aka yi da shi "a'a" yake fitowa. LM35 da wayarta ta tsinke ta fi su duka sharri, don ƙafar allon sai ta riƙa kamo lambobi daga iska, wasu ma masu kama da gaskiya. Dole kod ya fara da tambayar ko karatun nan mai yiwuwa ne. Duk abin da ya fita daga, a ce, 5 zuwa 60 a akwatin ƙwai, to sensa ce ta samu matsala, kuma wannan ma yana da nasa kukan na uku.

Sai wuta. Idan ƙararrawar tana ci daga soket ɗaya da abin ɗumama akwatin, to ranar da aka ɗauke wuta tare za su mutu, daidai lokacin da ake buƙatar ta yi magana. Dole ta samu batirinta. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 ba zai kai ko'ina ba, domin Uno shi kaɗai yana jan wajen miliamfiya 45 zuwa 50, batirin kuma abin da ke cikinsa bai wuce ya ba da miliamfiya 500 zuwa 600 na sa'a ɗaya ba, da ƙyar ya raka ka dare ɗaya. Fawa banki ya fi, sai dai wasunsu suna kashe kansu idan suka ga abin da ake ja kaɗan ne, suna zaton waya ta cika. A gwada shi yini guda kafin a dogara. Wanda ke da batirin sola mai bolt 12 a gida ya huta, ya sa 'yar na'urar rage wuta zuwa bolt 5 a tsakani. Na kuma sa yaron ya ƙara 'yar fitila mai ƙiftawa duk bayan daƙiƙa biyu. In ka wuce ka ga tana ƙiftawa, allon na raye. In ta tsaya, shirun buzar ba shi da ma'ana.

Inda za a ajiye kayan ma magana ce. Sensa ta zauna daidai tsayin saman ƙwai, nesa da ƙwan fitila, kada ta jingina da bango. Allon da buzar su kasance a waje, don laimar cikin akwati tana cin ƙarfe, kuma buzar da aka rufe a cikin firiji ko kyanwa ba za ta tasa ba. A bazara mutane a tsakar gida suke kwana, ga ƙarar janaretan maƙwabta. Mun ja wa buzar waya mai tsawon mita goma har bakin tagar da yake shimfiɗa tabarmarsa.

Bayan sati ɗaya ya dawo.

"Kawu, yanzu ba ta kukan banza. Amma kullum daga ƙarfe biyu zuwa la'asar sai ta tashi, kuma fitilar ɗumamawar a kashe take."

Wannan karon gaskiya take faɗa. Injin ƙyanƙyasa irin nasa ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Idan ɗakin da yake ciki ya kai 42, ba yadda za a yi cikinsa ya tsaya a 37.5, ko an kashe fitila ko ba a kashe ba. Ga shi kuma a makon ƙarshe su kansu ƙwan suna fitar da zafin jikinsu. Ya tambaye ni ko ya ɗaga iyakar zuwa 41 don ta bar shi ya huta. Na ce ya bar lambar inda take, ya ɗauke akwatin daga shagon kwanon da yake ciki. Suka kinkime shi shi da ƙaninsa zuwa tsohon ɗakin ƙasa na kakarsu mai rufin azara, suka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga, suka ƙara huda biyu a saman firijin da za a riƙa buɗewa da rana. Ya kuma ce zubin gaba zai jira damina ta sauka, lokacin da zabi ke sakin ƙwai da yawa kuma garin ya yi sanyi.